Hannun da Ya Soki Uwa

"Mace ce."

"Toro ne."

"Sarkin Tsafi, shekara arba'in ina kan ruwan nan. Na ce maka mace ce, kuma ciki gare ta."

Hormin, Sarkin Tsafin birnin Behdar, ya tattare farin mayafinsa don kada laka ta taɓa shi. Bai ko dubi tafkin ba. Sanbaf, Sarkin Ruwa, shi ne ke tsaye cikin laka har ƙauri, yana nuna dorinar da yaran gidan tsafi suka killace da shingen itace a bakin fadama. Kai da kunnuwa kaɗai ta fitar. Tana numfashi da ƙyar.

"Dubi kanta," in ji Sanbaf. "Dubi haurenta. Toro ya taɓa yarda yaranka masu taushin hannu su kewaye shi da kara? Mace ba ta rabuwa da garke ta shigo ruwa marar zurfi sai haihuwa ta gabato. Ɗan masunci mai shekara bakwai ya san wannan."

"Shi ya sa yake ɗan masunci," in ji Hormin. Ya shafa askakken kansa mai ƙyallin mai. "Wa zai nutse ya duba ƙarƙashinta? Kai?"

"Matuƙana ba sai sun nutse ba."

"Matuƙanka su riƙe filafili, su bar wa masu ilimi sanin abin bauta."

Sanbaf ya tofar da yawu a ruwa. Ya fito ya bi shi fada, laka na ɗiga daga ƙafarsa.

A wancan zamanin ƙasar Masar ta dare gida-gida. Babu Fir'auna guda da kowa ke tsoro. Duk garin da ya sami ganuwa da jirage ashirin sai ya naɗa sarki, ya fara hangen maƙwabci. Dedu, Sarkin Sakhet, ya taso daga arewa da jirage sittin, kwana uku ya rage ya iso. Behdar ba ta da wata kariya sai kogi, kogi kuma ba ya kare kowa in babu matuƙa.

Al'adar garin ita ce, sarki ba ya fitar da runduna sai ya soki toron dorina da hannunsa a gaban jama'a. Toron dorina dabbar Sat ce, ubangidan hargitsi a wurinsu, sarki kuwa wakilin Hor ne, abin bautarsu mai siffar shaho, wanda ya kayar da Sat. Sarkin da bai soka ba, Hor bai san shi ba. Amma macen dorina wani abu ce daban. Ita ce siffar Tawarat, wadda mutanen bakin kogi ke kira Uwa. Suna sassaƙa ta a tsaye da ƙaton ciki, ƙafafun zaki, wutsiyar kada a bayanta, wuƙa a hannunta. Ita ke gadin ƙofar mai naƙuda. Ba ta da gidan tsafi, ba ta da gona, ba ta da bawa ko ɗaya. Amma babu bukkar da ba ta ciki.

An cika a fada. Sarki Nabkau na kan karaga, saurayi ne da bai kai ashirin da biyar ba, gemun zinariya ɗaure a haɓarsa don nasa bai fito ba. Toron dorina ne ya kife jirgin yayansa shekara biyu da suka wuce, sarauta ta faɗo masa yana tsakar wasan dara. Tun ranar bai sake taka jirgi ba.

Sanbaf ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ɗan Hor, mai Behdar da kogin Behdar. Na bauta wa mahaifinka, na bauta wa yayanka. Ban iya kwalliyar magana ba. Abin da ke cikin shingen can mace ce mai ciki. Ba ni kwana biyu da jirage huɗu, in koro maka toro daga zurfi. Zan tsaya a damanka, ba zai taɓa ka ba."

"Haka ka tsaya a daman yayansa," in ji Hormin.

Sarki ya gyara zama, ya kama gefen karaga.

Hormin ya ɗaga hannu biyu sama, ya sake murya irin ta masu wa'azi. "Ranka ya daɗe, rana mai fitowa kan gabas da yamma. Jiya da hantsi shaho ya sauka kan shingen nan, ya yi kuka uku. Hor da kansa ya nuna maƙiyinsa. Shin za mu bar maganar shaho mu bi ta mai ƙarnin kifi? Kwana biyu yake nema, Dedu yana kwana uku. Ko dai akwai wanda ke son Dedu ya tarar da mu muna farauta?"

"In ka yi zargi, kira suna," in ji Sanbaf.

"Ban kira ba. Kai ka amsa."

Fadawa suka yi dariya, irin dariyar da ake fara duban fuskar sarki kafin a sake ta. Sanbaf ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Waziri, wanda bai taɓa faɗin ra'ayi kafin ya ji inda iska ta nufa ba. Sarkin Ƙofa, da tumbinsa ke riga shi shiga kowane ɗaki. Mai Hatimi, yana gyangyaɗi. Waɗannan ne ginshiƙan Behdar. Gara ta gama da su, fenti ya rage.

"Mu ɗauka ma mace ce," in ji Hormin, yana juyowa ga jama'a, "alhali ba ita ba ce. Wace ce Tawarat? Abar bautar ɗakin mata. Kwano ɗaya na nono ya ishe ta shekara. Ku nuna mini ginshiƙi guda da aka kafa da sunanta. Kuma masu ilimi sun san asalinta, matar Sat ce."

"Matarsa ce da ta bar shi," in ji Sanbaf. "Ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Da Hor yana jariri a cikin ciyawar ruwa, wa ya tsare shi? Da aka datse ƙafar Sat aka jefa ta cikin taurarin arewa, wa aka ba sarƙar ya riƙe don kada ya sauko? Ita ce. Har yau tana riƙe. Kai ke da littafi, ni a bakin kakata na ji. Ranka ya daɗe, ni ban damu da wanda ya fi wani a sama ba. Na damu da ƙasa. Matuƙa ɗari shida gare ni. Ka leƙa wuyan kowannensu, layar Uwa ce, ba ta shaho ba. Bikin girbi ya yi wata tara da wucewa. Ka aika a ƙirga matan unguwar masunta da suka kusa durƙusawa."

"Yanzu kuma ciki za mu ƙirga a majalisar yaƙi?" in ji Sarkin Ƙofa. Aka sake dariya.

Sarki ya buɗe baki. Muryarsa ta fito siririya.

"Sarkin Tsafi, ka tabbata toro ne?"

"Kamar yadda na tabbata kai ne sarki."

"Kuma... a cikin shinge yake?"

"Ba ya ko iya juyawa, ranka ya daɗe."

"To toro ne," in ji Sarki. "Gobe da hantsi."

Sanbaf ya sunkuyar da kai. Mutane kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ƙarya ce. Wani sarkin shi ke neman mugun bafaden da fitila.

Washegari duk garin ya fito bakin tafki. Matuƙa suka jeru a kan tudu, nesa kaɗan, domin Hormin ya sa an ja igiya kada talaka ya matso. Aka ɗora Sarki a ƙaramin jirgi da aka shafe da shuɗi. Sanbaf ne a bayansa, kamar yadda al'ada ta ce Sarkin Ruwa ya riƙe wa sarki zago na biyu, mashin nan mai ƙugiya da igiya.

"Bayan kunne, ranka ya daɗe," ya ce masa ƙasa-ƙasa. "Tunda ka ƙudurta, kada ka wahalar da ita."

Sarki ya rufe ido ya jefa.

Zagon ya goge ta a kafaɗa, ya tsaga fata ya faɗa ruwa. Dorina ta yi wani kuka da ya tayar da tsuntsayen fadama gaba ɗaya. Ta kifar da shingen kamar tsinke, ta wangame baki ta nufo jirgin shuɗi. Sarki ya zube a gindin jirgi ya rufe kansa da hannu biyu.

Sanbaf bai yi tunani ba. Da ya yi, watakila da ya bar ta. Hannunsa ne ya yi aikin shekara arba'in. Zago ya shige bayan kunne har ƙota. Ta nutse, ta taso, ta juya gefe. Ruwa ya yi ja.

Kafin ya sauke numfashi maroƙa sun ɗauka.

"Zago ɗaya! Nabkau mai zago ɗaya! Hor ya soka, Sat ya faɗi!"

Feshin ruwa ya rufe abin da ya faru, waɗanda suka gani kuma fadawa ne. Sanbaf ya kama Sarki a hammata ya tsayar da shi, ya ɗanƙa masa igiyar zagon. Yaron ya dubi igiyar, ya dubi jama'a. Sannu a hankali ƙirjinsa ya buɗe. Kafin su iso gaci har ya yarda shi ya soka.

Hormin ya shirya mahautansa da tabarmi, a kewaye a yi fiɗa a ɓoye. Sarki ya ɗaga hannu.

"A janye tabarmin nan. Al'ada ta ce a feɗe maƙiyi a idon runduna, kowane jirgi ya sami tsoka. Me za a ɓoye? A sauke igiya, matuƙana su zo su ga abin da hannuna ya yi."

"Ranka ya daɗe, asirin tsafi..."

"Ba toro ba ne?"

Hormin ya kawar da kai. "Toro ne."

Aka sa wuƙa. Mahauci ya ja ta daga ƙirji zuwa mara, ya zura hannu, ya tsaya. Abin ya sulalo da kansa ya faɗi a kan yashi, cikakke, har da ƴan kunnuwansa. Ya motsa ƙafa sau ɗaya.

Matuƙa ɗari shida suka kai hannu wuya suka kama laya.

Wata tsohuwa ta ratso su, ƙarama, gashinta fari fat. Tamit ce, babbar ungozomar garin. Ta durƙusa ta yaye gyalenta ta rufe ɗan dorinar. Sannan ta miƙe ta dubi Sarki, ba ta faɗi ba, ba ta gaishe shi ba.

"Ɗan nan, ni na yanke maka cibiya. Kwana biyu uwarka tana durƙushe. Ba shaho ta kira ba."

"A kama ta!" in ji Hormin.

Dogarai suka dubi juna. Ita ta karɓi haihuwarsu duka. Babu wanda ya ɗaga ƙafa.

Ta juya ga matuƙa. "Uwa ta ajiye wuƙarta. Duk mai mace da ciki ya san abin yi."

Sun sani. In Uwa ta janye daga gari, miji ne zai ɗauki wuƙa ya zauna a bakin ƙofar matarsa, ba tashi, har ta sauka lafiya. In mijin ya mutu, wanta. In babu wa, ubanta. Kafin rana ta yi tsaka, unguwar masunta ta cika da maza zaune a ƙofofi, wuƙa bisa cinya. Ba su yi tawaye ba, ba su zagi kowa ba. Sun zauna ne kawai.

Sanbaf ya bi su gida gida. Ya yi lallashi, ya yi zagi. A ƙofa ta goma sha wani abu ya tarar da shugaban matuƙan jirginsa, mutumin da suka yi yaƙi bakwai tare.

"Tashi. Dedu zai ƙone garin nan, har da matarka da abin da ke cikinta."

"Baba, in Dedu ya zo ina ganinsa, zan tare shi a nan. Abin da ke zuwa wa mai naƙuda ba a ganinsa. Ka ce in bar mata ƙofa a buɗe?"

Sanbaf ya dubi hannunsa na dama, ya mayar da shi cikin riga.

A fada Hormin ya ce abin mai sauƙi ne. Filafili ai itace ne, kowa na iya ja. Ya ba da bayin gidan tsafi ɗari biyu, masu shara da masu ƙona turare. Ya kuma yi alkawarin Hor zai aiko da guguwa daga kudu ta tarwatsa jiragen Sakhet. Sarki ya ce shi zai jagoranci yaƙin daga kan ganuwa, inda zai fi ganin komai.

Rana ta uku da hantsi Dedu ya bayyana a kwanar kogi. Sanbaf ya tare mashigin da ya fi ƙunci da jirage ashirin da biyu, rabinsu a hannun masu ƙona turare. Sama garau. Ko ganye bai motsa ba.

Da jiragen Sakhet suka matso, ya ga abin da ke goshinsu. Labari ya riga su haɗuwa. Dedu ya sa an sassaƙa Uwa da itace, an kafa a gaban kowane jirgi, da cikinta da wuƙarta. Sittin, a jere, suna tahowa.

Matuƙan Behdar na gaske da suka rage suka ɗaga filafilai daga ruwa.

"Itace ne!" Sanbaf ya daka musu tsawa. "Jiya aka sare shi! Ku ja!"

Wasu suka ja. Maharba suka ɗana kibiya, suka rasa inda za su harba da ba zai same ta ba. Bayin Hormin kuwa suka ja, wannan gaba wannan baya, jirage uku suka juya suka ba maƙiyi haƙarƙari. Na Sakhet suka dake su a tsakiya. Itace ya yi ƙara, mutane suka zuba a ruwa kamar gero daga tsagaggen buhu.

Sanbaf ya riƙe mashigin har rana ta karkata. Ya haɗa jirage shida da igiya ya mai da su katanga, ya yi faɗa da gatari a kan katako mai santsin jini. Kibiya ta tsaga masa kunci. Sau biyu ya kori mutanen Dedu daga jirginsa. A na uku aka cinna wa katangar wuta. Ya yanke igiya ya ja da baya da jirage biyar. Da ya ɗaga kai ya dubi ganuwa, laimar Sarki ba ta nan.

Dedu bai shigo ba. Ya ɗaure jiragensa a gaban garin, ya aiko manzo da sanda mai gashin jimina.

Aka taru a fada, waɗanda ba su gudu ba. Sanbaf ya shigo da jini busasshe a gemu, bai faɗi gaisuwa ba, babu kuma wanda ya tuna masa. Manzo ya tsaya a tsakiya, ya ƙi durƙusawa.

"Dedu, Sarkin Sakhet, bijimin arewa, ya ce a gaya wa mai Behdar. Matuƙana ba za su taka garin da Uwa ta juya wa baya ba, sai dai in ƙone shi daga kan ruwa, kuma ina da wutar. Amma ni ba na yaƙi da mata masu ciki. A ba ni abu ɗaya in juya. Hannun da ya soki Uwa. A datse shi daga wuyan hannu, a kawo mini a kwano kafin rana ta faɗi, in jefa mata a kogi ta huce. Mun ji maroƙanku har Sakhet. Sun ce zago ɗaya ne, hannu ɗaya."

Ya soke sandarsa a ƙasa ya koma bakin ƙofa yana jira.

Sanbaf ya kusa yin dariya. Dedu dai ba wawa ba ne. Mai dungu ba ya zama a karagar Behdar, haka doka take tun kakanni. Wanda bai soki dorina da hannunsa ba, ya kuma karɓi kirarin a gaban Hor, shi ma ba ya zama. Ko ta ina aka juya, karagar ta tafi. Abin da ya rage shi ne hannun wa zai bi ta.

Fuskar Sarki ta koma kamar toka. Gemun zinariya ya karkace. Ya dubi Hormin.

Hormin ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, a ilimin tsafi, hannun bawa hannun ubangijinsa ne. Idan aka duba da kyau, wanda ya riƙe zago na biyu..."

"Na biyu?" in ji Sanbaf. "Shekaranjiya zago ɗaya ne."

Waziri ya sami wani abu a ƙasa yana kallo. Mai Hatimi ya farka sarai. A waje, ta tagar fada, ana jin matuƙan da suka tsira da matan unguwar masunta sun cika fili, suna jiran abin da za a fito da shi a kwano.

Sanbaf ya tako har gaban karaga. Ya naɗe hannun rigarsa na dama, ya zare gatarinsa, ya ajiye a kan matakala tsakaninsa da Sarki.

"Ga gatari. Ga hannu, bai taɓa ɓuya ba. Garin nan ya fi shi daraja a wurina. Amma ba zan miƙa shi a kan maganar wannan mai askakken kan ba. A buɗe ƙofa jama'a su ji, manzo ya ji. Bakin da ya karɓi kirari shi zai faɗa."

Dogarai suka buɗe ƙofa. Hayaniya ta mutu. Inuwar ginshiƙai ta riga ta kai rabin fili.

Sanbaf ya ɗaga kai ya dubi yaron ido cikin ido.

"Ranka ya daɗe, wa ya soke ta?"